Shafi na Sittin da Ɗaya

Wasu filaye suke tarawa, ni takardu.
Ribar shagon yadina na Kwari
ta ƙare a durowar katako mai warin kafur,
inda nake yaƙi da gara da laimar damina
a kan littattafan da suka girmi mahaifina.

Lawandi dillali ke kawo su,
a naɗe cikin jarida kamar tsire,
daga ɗakin wani akawu da ya rasu a Sabon Gari,
daga akwatin da magada suka gaji da tsallakewa.
Ba ma doguwar tayawa.
Ya san ciwona, na san ya sani.

Na watan jiya bangonsa kore ne, ruwan zinaren ya koɗe.
Kowane hoto da 'yar takarda shara-shara a fuskarsa,
sai ka hura mata iska take yarda ta ɗaga.

Ga Dala tsaye ita kaɗai,
ba kwano, ba turken wuta a wuyanta.
Ga Gwauron Dutse can, gonaki har gindinsa.
Na bi da yatsa ina neman gidanmu,
sai na tarar da kududdufi,
dabino biyu, da jaki yana shan ruwa
daidai inda gadona yake yau.

Baturen ya sa sunansa sau uku,
ya sa na jirgin ruwan da ya kawo shi,
har na karensa bai manta ba.
A ƙarƙashin namu kuwa:
wani majemi,
wata mai awon gero,
irin mutanen ƙasar.

Gwaggo Yalwa ta sauka gidanmu
bayan an cire mata yanar ido.
Tana gwada sabon ganinta a kan komai:
zanen labule, ƙwayar shinkafa, furfurata.
Na ba ta littafin ina tsoron man da ke hannunta.
Ta wuce ganuwa, ta wuce kasuwa,
a shafi na sittin da ɗaya ta dafe ƙirji.

"Kai! Nadabo ne, wan babanmu.
Dubi kunnen da ƙaho ya tsaga,
dubi wuyan a karkace kamar mai bin bashi.
Rigar ma ba tasa ba ce.
Ina majemi ina aska takwas?
Nasaran ne ya aro ya ce ya saka,
ya shanya shi a rana daga hantsi har azahar,
ya sallame shi da sisi.
Goro ya saya ya rabar, bai ci ko ɓari ba.
Har ya tsufa yana cewa
ya ba da aron fuska, ba a dawo masa da ita ba."

Ta yi dariya har idon ya kawo ruwa,
na ce likita ya hana,
ta ce likita bai san Nadabo ba.

Lawandi ya sha ja mini kunne:
ɗigon rubutu guda a gefen shafi
rabin kuɗin littafi yake ci.
Shekara goma sha tara ina wanke hannu kafin na taɓa,
ina hana yara numfashi kusa.

Daren nan na fere fensir.
Hannuna na rawa kamar zan sa hannu a takardar bashi.
Ƙarƙashin wani majemi na rubuta:
Nadabo ɗan Gwadabe, Ƙofar Wambai.
Rigar ta aro ce.

Na ƙirga sauran. Fuska talatin da takwas.
Gwaggo ta ce akwai wata Tabawa a Yakasai,
ta haura tasa'in, kunne ya tafi amma ido garau.
Gobe ba zan buɗe shago da wuri ba.
Na sa littafin a jaka, na sa fensir biyu.